Idan za a yi wa yarinya auren dole a garinku, ga ta inda za ki fara

Kaka ta yi, an fara kai riɗi da gyaɗa kasuwar Gujungu da Maigatari, kuɗi ya ɗan shigo hannun mutane, kuma duk wanda ya tashi a karkarar Jigawa ko Kano ya san yanzu ne ake sa ranaku. Da yawa auren farin ciki ne, Allah ya sa albarka. Amma a ciki akwai wanda amaryar 'yar sha uku ce ko sha huɗu, tana aji biyu a ƙaramar sakandare, ta daina cin abinci tun ranar da aka kawo goron sa rana, kowa a gidan ya san ba ta so kuma kowa ya yi shiru. Ke nake wa magana gwaggo, da ke inna, da kai yaya, da malamar Islamiyya da hedimasta, don yarinya mai wannan shekarun ba za ta iya kai kanta gaban dagaci ko alƙali ba, sai wani babba ya kama hannunta.

Abu na farko dai lokaci. Kafin a shafa fatiha komai da sauƙi, bayan an ɗaura kuwa sai kotu, bayan ta tare ga ciki ya shiga wahalar ta ninka. To kar ki ce bari a ga yadda za ta kasance, ranar da ki ka ji ƙishin-ƙishin an karɓi kuɗin na-gani-ina-so ranar za ki tashi.

Ki fara da yarinyar ita kaɗai, ba a tsakar gida ba, ki ja ta ɗakinki ko ki ce ta raka ki rijiya. Ki tambaye ta a hankali, kina son sa ko ba kya so, an tambaye ki, wa ya tambaye ki, me ki ka ce. Sannan ki faɗa mata abin da yawancin yaranmu ba su sani ba, wato shirunta yarda ne a shari'a. Hadisi ne ingantacce cewa budurwa ana neman izininta kuma izininta shi ne shirunta, an yi haka ne saboda kunya, amma yau wannan shirun ake fakewa da shi a ce ai ba ta ce komai ba. Kuma kuka kaɗai bai wadatar ba, a Muhtasar na Shehu Halil wanda alƙalanmu ke aiki da shi an ce idan ta ƙi ko ta guje ba a aurar da ita, amma dariya ko kuka ba a ɗaukar su a matsayin ƙi, tunda amarya mai so ma tana kuka. Don haka dole ta buɗe baki ta ce "Baba ka yi haƙuri, ba na son sa", da ladabi, a durƙushe ma, amma a fili, kuma a gaban manya biyu masu hankali da za su iya maimaitawa gobe in an tambaye su. Idan bakinta ba zai iya a gaban uban ba ta faɗa a gaban liman ko kakarta da wani namiji na dangi. Ki rubuta ranar da ta faɗa da sunan waɗanda ke wurin a littafi ki ajiye. Wallahi wannan 'yar maganar ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Ki kuma saurari kalamanta da kyau. In ta ce gara ta mutu, ko za ta faɗa rijiya, ko za ta shiga duniya, kar ki ce yarinta ce. Ki kawar da shinkafar ɓera da fiya-fiya da maganin feshin gona daga inda hannunta zai kai, kar a bar ta ta kwana ita kaɗai, kuma ki faɗa wa uwarta a ranar. Ba mu manta da abin da ya faru a jihar Kano a 2014 ba, yarinya 'yar sha huɗu da aka yi wa aure, aka zarge ta da sa guba a abinci, mijin da wasu mutum uku su ka rasu, ta yi fiye da shekara a tsare kafin gwamnatin Kano ta janye ƙarar a 2015. Gidaje nawa ne su ka shiga makoki a kan auren da da an tsaya an saurare ta ba za a ɗaura ba.

Sai ki binciko dalilin uban, don ba kowane uba ne mugu ba, kuma maganin ya danganta da ciwon. Wani tsoro ne, ya ga yarinya ta fara girma tana talla a tasha samari na tsayar da ita, yana gudun abin kunya. Wani talauci ne, baki goma a gida buhun gero biyu. Wani alkawari ya yi wa amininsa ko ɗan'uwansa tun tana goye, yana jin nauyin a ce ya yi magana biyu. Wani kuma, kuma wannan ya fi yawa fiye da yadda ake faɗa, ya riga ya ci kuɗin mutumin, bashin taki ne ko kuɗin asibiti ko jinginar gona, yanzu ba shi da abin biya sai 'yar. In ba ki gano wanne ne ba za ki yi ta jawo aya da hadisi alhali matsalar naira dubu ɗari da hamsin ce.

In kuɗi ne, a zauna a yi lissafi a rubuce, abin da manemin ya kashe tun daga toshi har kayan sa rana, a gaban mai unguwa, dangi su yi karo-karo, a sayar da akuya, mata su ba da kwasar adashi, in bai cika ba a roƙi a biya kashi-kashi zuwa kaka mai zuwa a sa hannu. Kayan da ba a taɓa ba a mayar yadda su ke. Da yawan manema in su ka ga kuɗinsu zai dawo kuma magana ta fara fita gari, da kansu su ke janyewa, ba mai son a ce yarinya ta ƙi shi a gaban dagaci.

Wajen tunkarar uban kuwa kar ki je da faɗa, kuma kar ki je ke kaɗai in kin san ba ya jin maganarki. Kowane mutum akwai wanda yake jin kunya, mahaifiyarsa in tana raye, ko babban wansa, ko malamin da ya koya masa karatu, ko limamin Juma'a. Shi za ki fara samu. In ƙanwarsa ce ke, ki same shi bayan sallar isha'i ya ci abinci, ki ce "Yaya, na zo roƙo ne ba gardama ba, yarinyar nan taka ce ba mai ƙwace maka, amma ta ce ba ta so, a ɗaga mata ƙafa ta gama aji uku tukunna." Neman a ɗaga ya fi sauƙin karɓuwa a kan neman a fasa, saboda bai zubar masa da girma ba, kuma shekara ɗaya ko biyu abubuwa da yawa na canzawa. In tsoron lalacewa ne damuwarsa to ki zo da amsa a hannu, a cire ta daga talla, ke za ki riƙe ta a ɗakinki, ko a nema mata makarantar kwana ta 'yan mata, ga Islamiyya da yamma. In kuɗin makaranta ne, ku je wajen firinsifal ku tambayi tallafin AGILE, shirin nan na Bankin Duniya na karatun 'yan mata da Kano ke ciki tun farko Jigawa ma ta shiga daga baya, ana ba iyaye ɗan kuɗi in yarinya na zuwa aji.

Zai ce miki ai addini ya ba shi iko, kuma a nan ki yi hattara kar ki ƙaryata abin da yake gaskiya. Eh, a mazhabar Malikiyya uba yana da abin da ake kira ijbari a kan 'yarsa budurwa, wato ikon aurar da ita ko ba da izininta ba. Amma ikon nan yana da iyaka kuma iyakokin ne ba a faɗa wa mutane. Na ɗaya uba ne kawai yake da shi, sai wanda uban ya ba wasiyya a kan hakan, baffa ba shi da shi, kawu ba shi da shi, yaya da mijin uwa ba su da shi, Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa ƙarara cewa wanda ba uba ba ba zai aurar da budurwa ba sai ta balaga kuma ta ba da izini. To duk marainiyar da baffanta ya ce ya ba da ita ko tana so ko ba ta so, ya shiga hurumin da ba nasa ba, kuma irin wannan ne ya fi yawa a ƙauyukanmu, marayu da 'ya'yan da aka saki uwarsu. Na biyu an ba uba ikon ne don maslahar 'yar, ba don ya biya bashi da ita ba, malamai sun ce ba zai tilasta ta ga mai taɓin hankali ko mai cutar da za ta cuce ta ba, kuma hadisin ba cuta ba cutarwa yana nan a Muwaɗɗa ta Imamu Malik kansa. Na uku in uba ya riga ya ce wa 'yarsa ta fito da wanda take so, ya sauke ikon da hannunsa, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke haka a 1985 a shari'ar wata budurwa da ubanta ya ba ta zaɓi sannan ya juya ya ɗaura mata da wani, kotu ta rushe auren. Bazawara baliga kuwa babu mai tilasta ta ko uban ne. Ga Khansa'u 'yar Khizam da ubanta ya aurar ba ta so, ta je wajen Annabi (SAW) ya warware auren, yana cikin Buhari, ga kuma budurwar da ta kawo irin wannan ƙarar ya ba ta zaɓi, Abu Dawuda ya ruwaito. Amma dan Allah ki bar liman ya faɗi waɗannan da bakinsa, ki same shi tun kafin ranar ki ce "Allah gafarta malam, yarinyar nan ta ce ba ta yarda ba a gaban wane da wane, mun ga ya kamata ka sani kafin a kira ka ɗaurin aure." Limami mai tsoron Allah in ya ji haka ba zai ɗaura ba sai ya bincika.

Yanzu dokar gwamnati, kuma zan faɗa miki yadda take ba ƙari. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana yi masa baiko ma, hukuncin tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara 5 ko duka biyun, a kan wanda ya aura da wanda ya bayar da wanda ya shirya. Sai dai dokar ba ta hawa kan jiha kai tsaye sai majalisar jihar ta yi tata, shi ya sa aka daɗe ana jan ƙafa, Jigawa ta samu dokar kare yara a Disambar 2021 zamanin Badaru, Kano a Mayun 2023 gab da saukar Ganduje, kowacce da gyare-gyarenta don ta tafi da shari'ar Musulunci. Kuma maganar auren Musulmi kotun shari'a ce ke sauraronta. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne kar ki shiga zauren dagaci kina ɗaga murya da "ba ta kai sha takwas ba" kawai, za a ce kin zo da maganar Turawa a rufe ƙofa. Ki riƙe abu uku, ba ta yarda ba, za ta cutu a jikinta, kuma za a cire ta daga makaranta. Na ukun nan doka ce tsayayya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 na karatu kyauta, firamare shida ƙaramar sakandare uku, iyayen da su ka hana ana fara yi musu gargaɗi, in sun sake tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari, in sun kuma naira 5,000 ko wata biyu. Tarar ba yawa, amma takarda daga hedimasta zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma cewa za a cire ɗaliba a yi mata aure tana sa hakimi ya kira dagaci. A Kano kuma tun 2024 akwai dokar gwajin lafiya kafin aure, ƙanjamau da ciwon hanta da jinin sikila, ba a yarda a ɗaura ba sai da takardar, to ki tambaya a fili ina takardar gwajin.

Maganar cutuwar jiki ba sai an je da nisa ba. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba in ta zo haihuwa kan ɗan yana makalewa, ta kwana biyu uku tana naƙuda a ɗaki, kan ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya huje, shi ne yoyon fitsari, sau da yawa ɗan ma ba ya zuwa da rai. Ga jijjiga da ta fi kama masu cikin fari ƙanana. Duk wanda ke musu ya je babban asibitin Jahun inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke ɗinkin yoyon fitsari tun 2008, ko sashen masu wannan lalura a asibitin Murtala a Kano, ya ga shekarun waɗanda ke kwance, ya kuma tambaya mazajen nawa ne su ka biyo su. In akwai ma'aikaciyar asibitin garinku da uban ke ganin girmanta, ki roƙe ta ta yi masa wannan bayanin.

In gida ya gagara sai a hau sama bi da bi, mai unguwa ko bulama, dagaci, hakimi. Ku je ku biyu ko uku har da namiji na dangi, ku ce "Ranka ya daɗe mun kawo kukanmu ne a sasanta, ba ƙarar kowa mu ka kawo ba." Kar a tsallake su, don in ki ka wuce kai tsaye birni su ne za a dawo a tambaya kuma za su ji an raina su. In an ga ana jan lokaci ranar na matsowa, ofishin Hisbah na ƙaramar hukuma su na karɓar irin wannan sosai, su na kiran uba da manemi su zaunar da su, akwai kuma jami'in walwalar jama'a a sakateriya. Daga nan sai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa da ke da ofis a Kano da Dutse, da ƙungiyar lauyoyi mata FIDA, da hukumar ba da lauya kyauta ta Legal Aid, da Isa Wali Empowerment Initiative a Kano, duk ba sa karɓar kuɗin mai ƙara. Ki tafi da takardar haihuwarta ta hukumar ƙidaya in akwai, in babu katin rigakafi ko rajistar firamare na nuna shekarunta, da ɗan littafin nan da ki ka rubuta ranaku. 'Yan sanda ni a ganina a bar su sai in akwai duka ko ɗaurewa ko an yi mata fyaɗe, don ranar da aka sa uba a bayan kanta ranar sulhu ya mutu, kuma yarinyar ce za ta zauna da wannan a dangi. Amma in har an taɓa lafiyarta to babu wani jira, asibiti tukunna a samu kati da rahoton likita, a Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala don irin wannan.

Abubuwa biyu da ke ɓata magana mai kyau. Kar yarinya ta gudu wajen saurayi ko a ɓoye ta inda ba wanda ya sani, nan take za a juya zance ya koma satar yarinya a kama wanda ya taimaka. In dole sai ta bar gidan, ta tafi gidan kakarta ko gwaggo ko gidan mai unguwa, kuma a sanar da mai unguwa a daren. Sannan kar a sa hotonta ko sunanta a Facebook ko TikTok wai neman taimako, abin da ya hau waya ba ya sauka, ita za a riƙa nunawa a kasuwa shekara goma.

To in an riga an ɗaura fa? Ba a makara ba. A je kotun shari'ar Musulunci mafi kusa, a samu rajistara a shigar da ƙara, ita da kanta ko uwarta ko wani ɗan'uwa a madadinta, a roƙi alƙali abu biyu, ya dakatar da tarewa har a gama shari'a, sannan ya raba auren. A nan ki buɗe kunne da kyau, akwai bambanci tsakanin alƙali ya rushe aure saboda an ɗaura ba bisa ƙa'ida ba ko saboda cutarwa, da kuma hul'i inda mace ke fansar kanta ta mayar da sadaki. Sau da yawa ana saurin tura mutane hul'i don ya fi sauƙi, sai miji ya tashi ya lissafo har kuɗin goro da na acaɓa, yarinyar da ba ta ga ko sisi ba a ce ta biya. Ku fara neman a rushe, ku kawo shaidun nan biyu da su ka ji ta ce ba ta so, ku faɗi wanda ya yi walicci in ba uba ba ne. In alƙali ya ga hul'i ne mafita to a tsaya a kan sadakin da aka ambata, kuma a faɗa wa kotu hannun wanda kuɗin ya shiga. Ki shirya ta tun a gida don alƙali zai tambaye ta da bakinta, ga uba ga miji ga jama'a, in ta sunkuyar da kai ta yi shiru an koma gidan jiya, za ku iya roƙon a rage mutane ko a saurare ta a ofis. In hukunci bai yi daidai ba ana ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a har kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta jiha, amma akwai wa'adi, a nemi kwafin hukunci a ranar a kai wa lauya.

In kuma ta riga ta tare har da ciki, lafiyarta ce gaba da shari'a. A fara awo da wuri, a gaya wa ma'aikatan shekarunta na gaskiya, a tanadi kuɗin mota da lambar direba tun wata bakwai, kuma a yanke cewa a asibitin da ake tiyata za ta haihu, naƙuda in ta wuce yini ɗaya a gida an shiga haɗari. Ta dawo gidan iyaye goyon ciki ma hanya ce da al'ada ta yarda da ita, kuma tana ba ku sarari ku bi maganar kotu a nutse.

Ranar da aka raba auren ku karɓi takardar kotu mai hatimi ku yi mata hoto a waya ku ba mutum biyu ajiya, don akwai mazan da ke dawowa bayan shekara su ce har yanzu matarsu ce. In ba ta tare ba babu idda a kanta, in ta tare ta yi iddarta a inda alƙali ya ce. Sannan a cikin satin ki kama hannunta ku je wajen firinsifal a mayar da sunanta rajista, in ta ce kunyar 'yan ajinsu take ji a nema mata canjin makaranta a garin gwaggo ko ajin manya na hukumar yaƙi da jahilci, kuma ki riƙa leƙa gidan akai-akai a watannin farko saboda gorin da za ta sha a wajen matan gida da 'yan'uwan uba.